Yadda Iyaye Za Su Auna Makarantar 'Ya'yansu Kafin Su Biya Kuɗin Zango Na Gaba

A ƙarshen kowane zangon karatu yaro kan shigo gida da takardar sakamako a hannu. Uba ya duba ya ga an rubuta ya zo na uku, ya ce madalla, uwa ta sa albarka, a ninke takardar a ajiye a akwati. Ga yawancin gidajenmu iyakar binciken da ake yi wa makaranta ke nan. Alhali makarantar ce ta koyar, ita ta shirya tambayoyin, ita ta duba amsoshin, ita kuma ta rubuta makin. Ba a ce ƙarya take yi ba, amma shaidar da mutum ya ba kansa ba ta isa a kafa hukunci a kanta.

Zuwa makaranta da koyon karatu sun daɗe da raba hanya a wurare da yawa. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A nan gida ma, gwajin karatun Hausa da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwan firamare a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan labarin da aka ba su. Waɗannan yara ne masu suna a rajista, masu fita kullum da safe da jaka a baya. Shawarwarin da ke biye na iyaye ne, masu boko da waɗanda ba su yi ba, ko makarantar ta gwamnati ce ko ta kuɗi.

1. Ku gwada karatun yaro da kanku, a gida

Wannan ita ce uwar shawarwarin, sauran duk bayanta suke. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani bincike a 2005, inda masu aikin sa kai suke bin gida-gida da takarda ɗaya tak suna gwada yara. Takardar tana da matakai huɗu: haruffa, kalmomi, 'yan jimloli, sai gajeren labari irin na 'yan aji biyu. Daga baya an kawo tsarin koyarwar da ya fito daga wannan gwaji zuwa Najeriya, an yi aiki da shi a Borno da Kano. Ba abin da zai hana kowane gida ya yi irin wannan takarda da biro da fallen littafi.

Ku rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin da ake rerawa a aji ba. A ƙarƙashinsu ku rubuta kalmomi goma na yau da kullum, kamar tulu, gero, ƙofa, ɗaki, tsani. Sannan jimloli uku ko huɗu, misali: "Ladi ta tafi rijiya da safe. Ta ga akuya ta shiga gona. Ta kira Audu ya kore ta." A ƙarshe ku samo labari mai layi takwas ko goma daga littafin da yaron bai taɓa gani ba. Ku fara da jimlolin. In ya karanta su ba gargada, ku hau da shi zuwa labarin. In ya kakare, ku sauko zuwa kalmomi, in nan ma ya kasa, zuwa haruffa. Inda ya tsaya nan ne matsayinsa na gaskiya, ko aji nawa yake. Bayan ya karanta jimlolin ku tambaye shi: wa ya kori akuyar? Me ya fitar da Ladi daga gida? Akwai yaron da zai furta kalmomin daidai, amma bai san labarin me ya karanta ba.

Kada ku yi gwajin da littafin ajinsu. Yaranmu suna da kaifin hadda, kuma da yawansu suna iya kawo shafi guda da ka suna bin layi da yatsa, alhali in aka nuna musu kalma ɗaya daga tsakiya aka ce mene ne wannan, sai su yi shiru.

A lissafi, ɗan aji uku ku ba shi 52 a ɗebe 17. In ya rubuta 35, ya gane aro. In ya rubuta 45, to yana ɗebe ƙaramar lamba ne daga babba a kowane gida, kuma wannan kuskure ɗaya zai bi shi har sakandare in ba a gyara ba. Ɗan aji biyar ku ce ya raba naira 750 ga mutum 3.

Uwar da ba ta yi boko ba, kada ki ce wannan ba naki ba ne. Ki sa wan yaron ko 'yar maƙwabta ta rubuta takardar, ke kuma ki zauna ki saurara. Kunnenki zai bambance mai karatu da mai lalube. In ya gama ki ce ya ba ki labarin da bakinsa. Kuma mun san wannan tsari tun a makarantar allo: malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya ya ji ya zauna. A boko ne aka wayi gari ana ciyar da yaro aji na gaba don kawai shekara ta zagayo.

Ku rubuta ranar gwajin da matakin da ya kai a bayan takardar, ku adana. Bayan wata uku ku sake da wasu kalmomi da wani labari. Tazarar da ke tsakanin gwajin farko da na biyu ita ce aikin da makarantar ta yi. Sharaɗi guda: ba tsawa, ba duka, ba kunyata yaro gaban ƙannensa. In ya tsorata zai kasa abin da ya iya, ku kuma ku zalunci malaminsa da hukuncin da ba daidai ba.

2. Ku riƙa buɗe littattafan rubutunsa

Littafin rubutu ba ya iya ɓoye abin da ke faruwa a aji. Ku fara da kwanan wata da ke saman kowane aiki. In lissafi yana cikin jadawali kusan kullum, amma a wata guda aiki huɗu kacal kuka gani, akwai tambaya. Sai ku duba jan biro. Wani malamin yakan ja alamar daidai babba a kan shafi gaba ɗaya ba tare da ya karanta ba, har da amsoshin da ba daidai ba ne a ciki. Wani kuma yakan zagaye inda aka yi kuskure, ya rubuta gyara, ya sa yaro ya sake. Na biyun nan shi ne yake koyarwa, ko da makin da yake bayarwa bai kai na farkon daɗin gani ba.

Ku lura kuma da irin aikin. In duk littafin kwafe ne daga allo, shafi bayan shafi, babu inda yaro ya ƙirƙiri jimla tasa ko ya warware matsala da kansa, to hannunsa ne kawai yake aiki. Sannan ku bi kuskure ɗaya ku gani: in ya rubuta kalma ba daidai ba a farkon zango kuma yana nan yana maimaita ta haka a ƙarshensa, ba wanda yake bibiyarsa.

3. Ku canza irin tambayar da kuke yi masa in ya dawo

"Me aka koya muku yau?" amsarta kullum ɗaya ce, "Turanci da lissafi." Ku tambayi abin da yaro zai iya ƙirgawa ko ya kwatanta. Malamai nawa suka shigo ajinku yau? Wa ya rubuta a allo, malam ko monita? Bayan ya rubuta ya tsaya ya yi bayani, ko ya fita? In wani ya ce bai gane ba, me malam yake yi? Yaushe rabon da a kira ka ka amsa tambaya? Ku yi haka cikin hira, wajen cin abinci, har mako biyu. Kada ku kafa hujja da maganar rana ɗaya, domin yaro yakan ƙara gishiri, yakan kuma kāre malamin da yake so. Abin da ya maimaitu ne abin dubawa.

4. Ku je makarantar ranar da ba a sa ranku ba

Ranar taron iyaye da ranar rabon kyaututtuka an share, an yi fenti, an shirya yaran da za su yi jawabi. Ku zaɓi wata Talata ko Laraba, da misalin ƙarfe takwas da rabi, ko bayan an dawo daga tara, lokacin da azuzuwa suka fi zama ba kowa. A ƙauye ku gwada ranar kasuwa. Ku fara da ofishin hedimasta, ku yi sallama, ku gabatar da kanku, ku nemi izinin leƙa ajin yaronku na 'yan mintoci. Makarantar da ta amince da aikinta ba ta jin tsoron wannan roƙo.

Kafin ku isa ajin, ku ƙirga azuzuwa nawa ne da malami a tsaye yana koyarwa, nawa ne yara suke su kaɗai. A cikin ajin ku ƙirga kawuna. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a manyan garuruwan Arewa ba abin mamaki ba ne a tarar da fiye da ɗari a ɗaki guda, wasu a ƙasa. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yuni na 2024. Malamin da aka tara wa yara ɗari ba a auna shi da ma'aunin mai talatin, kuma adalci ne a riƙe wannan a zuciya.

Duk da haka akwai abin da yake hannun malami ko yaya ajin yake. Ku saurari wa yake magana. In malam ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, ya sake faɗa, su sake amsawa, har a tashi, to amon yana da daɗi amma yana rufe yaran da ba su gane komai ba, leɓe kawai suke motsawa. Malami nagari yakan kira yaro da sunansa, ya kai ga na baya, ya tambayi 'yan mata kamar yadda yake tambayar maza, ya zagaya ya leƙa abin da ake rubutawa. In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, ku dubi fuskar malamin da abin da zai ce. A wannan ɗan lokaci ake gane mai koyarwa.

5. Ku zauna da shugaban makaranta, ku ji me ya sani

Makarantu biyu na gwamnati a unguwa ɗaya, albashi ɗaya, gini iri ɗaya, sai ka tarar ɗaya ana karatu, ɗaya ana zaman jiran tashi. In aka bi diddigi, yawanci bambancin yana ofishin hedimasta. Don haka ya cancanci a ba shi lokaci.

Alama ta farko ita ce inda ake samunsa. Shugaban da yake bakin ƙofa kafin malamai su iso, yake zagaya azuzuwa, ba ya buƙatar yawan faɗa kafin a kiyaye lokaci. Wanda kullum aka zo sai a ce ya tafi sakatariya, malamansa ma za su sami inda za su tafi.

In kun zauna, bayan gaisuwa, ku yi tambayoyi cikin girmamawa. "Ranka ya daɗe, cikin 'yan aji uku, yara nawa ne har yanzu ba su iya karatu ba, kuma me ake yi musu?" Wannan tambaya ɗaya tana bayyana abubuwa da yawa. Shugaban da yake bin aikinsa zai ba ku adadi ko ya kusanta, ya ce ga malamar da take zama da su bayan tashi, ko ga yadda aka ware su rukuni. Wanda ya ce "ai duk yaranmu sun iya" bai duba ba. Ku tambaye shi yaushe rabon da ya zauna a bayan aji ya kalli darasi daga farko har ƙarshe, kuma me ya gaya wa malamin bayan an gama. Ku tambayi abin da ake yi wa aji in malaminsa bai zo ba. Kowace makaranta tana da littafin da malamai suke sa hannu in sun iso, da littafin shirin darasi da shugaba yake dubawa ya sa hannu. Ba lallai ne a buɗe muku su ba, amma yadda zai yi maganarsu zai nuna ko ana amfani da su ko suna cikin durowa sai masu duba makarantu za su zo.

Ku san iyakar ikonsa kuma. A makarantar gwamnati hedimasta ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa, ba ya biyan albashi. Waɗannan suna hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB ta jiha. Abin da za a tambaye shi a kai shi ne lokaci, da tsari, da tsabta, da riƙon amanar ɗan abin da ya shigo, da kai rahoton malamin da ba ya zuwa. A makarantar kuɗi kuwa sau da yawa shugaban ma'aikaci ne kawai, mai makarantar ne yake yanke komai. Ku gano wa yake da ta cewa a kan harkar karatu, kuma ko ya taɓa riƙe alli.

6. Ku tambayi su wane ne malaman, musamman na aji ɗaya

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma akwai hukumar rajistar malamai, TRCN, da aka kafa tun 1993. Haƙƙinku ne ku tambayi malamai nawa ne suke da waɗannan. Sai dai takarda ba ta gama magana. A 2017 gwamnatin Kaduna, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da gwajin, har ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abin ya nuna cewa tsakanin shaidar da ke fayil da abin da ke kan malami ana iya samun rata.

A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa aka ba aji ɗaya da aji biyu. Makarantu da yawa suna kai ƙwararrun malamansu ajin ƙarshe saboda jarrabawa, su bar ƙanana a hannun wanda ya fi kowa rauni, ko wadda ta gama sakandare jiya. Wannan kuskure ne babba. A waɗannan shekaru biyu ake koyon haɗa baƙi da wasali, kuma yaron da ya wuce su bai iya ba, duk abin da za a rubuta masa a allo daga baya zane ne kawai a idonsa.

A makarantar kuɗi ku ƙara da tambayar shekara nawa malaman suka yi a wurin. In kowane zango sabuwar fuska yaro yake gani, mai yiwuwa albashin ne bai taka kara ya karya ba ko ba a biya a kan lokaci. 'Yan hidimar ƙasa da ɗalibai masu koyon aikin koyarwa suna taimakawa, amma masu wucewa ne, bai kamata a jingina musu manyan darussa su kaɗai ba.

7. Kada Turancin baka ya rufe muku ido

Iyaye da yawa suna jin daɗi in ɗan shekara biyar ya dawo yana gaisuwa da Turanci yana rera waƙoƙinsa. Ba laifi, kuma yaro yana buƙatar Turanci don jarrabawa da aiki. Amma furuci daban, fahimta daban. Yaro yana saurin koyon karatu da harshen da yake tunani da shi, in ya iya kuma sai ya ɗauki dabarar ya kai ta wani harshen. A kan wannan fahimta aka rubuta littattafan Mu Karanta da aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato. Don haka in kun ji malama tana yi wa 'yan aji ɗaya bayani da Hausa, kada ku ɗauka gazawa ce. Abin damuwa shi ne makarantar da take cin tarar yaro don ya yi Hausa, alhali in aka ba shi jimlar Turanci aka ce ya faɗi ma'anarta ba zai iya ba. Ku yi gwajin nan na farko da harsunan biyu.

8. Ku karanta sakamakon jarrabawa da lura

Zuwa na ɗaya a aji yana nuna yaro ya fi abokan zamansa ne kawai. In ajin duka yana baya, na ɗayansu ma yana baya. Ku fi duba makin kowane darasi, ku roƙi a ba ku takardar amsoshin da ya rubuta ku ga irin tambayoyin.

A sakandare makarantu suna tallar sakamakon WAEC da NECO, wasu har a allon bakin titi. Ku tambayi ɗalibai nawa ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, cikin nawa da suka zauna, a shekara uku a jere. Ku tambayi kuma nawa ne suka fara babbar sakandare tare. Makarantar da take sallamar masu rauni kafin rajista za ta fito da sakamako mai kyau ba tare da ta koyar da kowa ba. Haka wadda ajinta na ƙarshe yake kumbura da baƙin ɗalibai daga wasu garuruwa daf da jarrabawa, kowa ya san abin da ya kawo su.

Akwai ma'aunin da yake da wuyar murɗawa. Tun 2015 ake yin jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta, a cibiyoyin da ba na makarantar ɗalibi ba, kuma jimillar makinta 400 ne. In ɗaliban makaranta suna fitowa da sakamakon WAEC mai ƙyalli, amma yawancinsu suna faɗuwa ƙasa warwas a JAMB, ku yi wa kanku hisabi. Duk makarantar da ta nemi ku biya wani kuɗi na daban "don a taimaka wa yara" a ɗakin jarrabawa ta riga ta gaya muku ba ta yarda da koyarwarta ba. Biyan wannan kuɗi cutar da yaron ne, domin zai shiga jami'a ko kwalejin koyon jinya da takardar da ba zai iya kārewa ba, bayan an koya masa cewa ha'inci hanya ce.

9. Ku duba ko yaro yana cikin aminci

Tarbiyya wajibi ce, amma ajin da bulala take yawo a kan wanda ya kasa amsa tambaya, yara suna koyon yin shiru ne a cikinsa. In yaro ya fara ƙirƙirar ciwon ciki kowace safiya, ko ya daina maganar wani malami gaba ɗaya, ku bincika a hankali. 'Ya mace ku tambaye ta ko akwai malamin da yake kiranta ita kaɗai, kuma ku nuna mata za a yarda da maganarta.

Ku zagaya bayan azuzuwa ku ga banɗaki da ruwan sha. Rashin banɗakin mata na daban yana cikin abubuwan da suke zaunar da 'yan mata a gida in sun fara girma. Ku dubi katanga da ƙofa, da wanda ake miƙa wa ƙananan yara in an tashi. Ku ɗaga kai ku dubi bango da rufi, musamman in bene ne: a watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Makarantar kuɗi kuma ku nemi ganin takardar izininta daga gwamnatin jiha. A farkon 2022, bayan kisan wata ƙaramar ɗaliba da aka samu mai makarantarta da hannu a ciki, gwamnatin Kano ta janye izinin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su.

10. In kun ga matsala, ku bi ta ƙofar da ta dace, kuma kada ku tafi ku kaɗai

Ku fara da malamin, a keɓe, ba gaban yara ba. Ku je da takardar gwajin da littafin rubutun, ku ce, "Malam, ga abin da na gani, yaya za mu yi mu taimaka masa?" Malamai da yawa ba su taɓa ganin uban da ya zo don karatun ɗansa ba sai don faɗa, kuma irin wannan zuwa yakan sa su ƙara sa ido a kan yaron. In ba a ga canji ba sai hedimasta, daga nan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Watsa sunan malami a Facebook kafin a ji ta bakinsa zalunci ne, kuma yana rufe ƙofar gyara.

Bayan ƙungiyar iyaye da malamai, makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka amince da kafa shi a faɗin ƙasa, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi aikin ƙarfafa shi a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. A tsarinsa akwai wakilin masu sarauta, da malaman addini, da mata, har da ɗalibai. Ku tambayi su wane ne 'yan kwamitin makarantarku da yaushe suka yi zama na ƙarshe. In iyaye goma suka yi gwajin nan a gidajensu suka kawo sakamakon gaban kwamiti, mai unguwa yana zaune, maganar ta fi ƙarfin a share ta. Mata su nemi a ba su lokacin magana, domin su ne suke ganin littattafan yara kullum.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole a makarantun gwamnati. Duk kuɗin da aka nema ku tambayi na mene ne, wa ya amince da shi, ku karɓi rasit, a taro na gaba kuma a karanta yadda aka kashe.

11. Islamiyya ma a auna ta

Kunya takan hana mu tambayar malaman Islamiyya, alhali amanar da ke hannunsu ta fi nauyi. Ku buɗe Alƙur'ani a inda ba a kai yaro ba ku ga ko yana iya haɗa baƙi da kansa, ko haddar baki ce kawai. Ku saurari tilawar abin da ya wuce, ba sabon karatu kaɗai ba. Ku sa shi ya yi alwala da salla a gabanku. Yawan kuɗin walimar sauka ba ya nuna ingancin karatun.

12. Ku duba rabonku kafin ku yanke hukunci, sannan ku yanke

Malami ba zai koyar da yaron da ba ya nan ba. Ku ƙirga kwana nawa ya yi fashi a zangon saboda talla, ko gona, ko biki, ko aike. Yana isa kafin a shiga aji? Yana karyawa kafin ya fita? Yana da fensir da littafi? Yaron da yake matse ido in yana kallon nesa, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin an sha kiran irinsu daƙiƙai alhali allon ne ba sa gani.

In kun sauke naku, kun yi magana da malami da shugaba, zango biyu sun wuce kuma takardar gwajin tana nuna yaro yana inda yake, to ku nemi wata makarantar in da hali. Ku auna sabuwar da waɗannan matakai kafin ku biya ko sisi, ku tambayi iyayen da yaransu suka shekara biyu a can, kada tsadar kuɗi ko kyan gini su yanke muku shawara. In sabuwar makarantar ta gwada shi ta ce sai ya maimaita aji, ku karɓa, ku lallashe shi ya fahimci dalili. In kuma babu wata makarantar kusa, ko aljihu ba zai ɗauka ba, ku samo wanda ya iya karatu a gidan ko a maƙwabta ya riƙa zama da shi minti ashirin kullum bayan la'asar, a fara daga matakin da ya tsaya a takardar gwajin, ba daga littafin ajinsu ba.